Gwaggo Ta Ce Biyar

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Gwaggo dai ta riga mu da kwana goma sha biyu yau. Ranar Litinin da hantsi ta cika, a ɗan ɗakin da muka ware mata a gidanmu na Al-Ud, nan Riyad. Aka yi mata salla bayan la'asar, muka kai ta maƙabartar Nasim. Mu goma sha ɗaya ne a bakin kabarin, har da direban motar gawa. Matar da ta yanke cibiyar rabin 'ya'yan Hausawan unguwarmu, ta kuma wanke gawar iyayensu mata, mutum goma sha ɗaya ta samu. Wasu sun ce kafil, ubangidan da ya ɗauke su aiki, bai ba su izinin fita ba. Wasu sun ce zafin rana. Na karɓi uzurin kowa da baki, amma zuciyata ba ta karɓa ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Gida kuwa, inda ake zaman makoki cikin sanyin na'ura ana zagayawa da gahawa da dabino, ya cika har bakin matakala. Wani mutumin Maradi ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana ta cewa, "Uwa ce, wallahi uwa ce ga kowa." Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa uku. Shekara biyun da ta yi a kwance ƙafafunta sun kumbura, ko sallama bai taɓa aiko mata ba, alhali shagonsa yana bayan layinmu. Daga ɗakin mata na jiyo wata tana cewa ai tsohuwa ta huta, sannan cikin numfashi ɗaya ta tambayi matata ko akwai sauran daddawar marigayiya, don ba a samun irinta ko a kasuwar Bat'ha. Akwai kuma ɗan wan matata, ɗalibi ne a jami'a, ya kusa gama digiri na uku kan fiƙihu. Shi ya zauna kusa da ni ya yi wa jama'a nasiha cewa kada a yi sadakar uku, kada mata su ɗaga murya. Aka yi ta gyaɗa kai. Ni dai na ci gaba da zuba gahawa.

A nan ba a rubuta suna a kabari. Dutse ne ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa, kuma layin duk iri ɗaya ne. Na koma ranar Juma'a don in yi mata addu'a, na tarar an ƙara mata maƙwabta da yawa, har sai da na yi ta kai da kawowa kafin in tsaya inda nake zaton ita ce. Nan da shekara ba zan gane wurin ba. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da rubutu mai tsawo tun ina ɗan makarantar lakwal a Damagaram. Ba don na iya ba. Don dai kada a ce an yi wannan mata a garin nan kuma abin da ya saura nata shi ne maganar da aka fita da ita daga gidana ranar uku.

Ƙanwar mahaifina ce. Ta zo aikin Hajji tun ina yaro, ta yi aure a nan, mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu. Da na zo neman aiki a kasuwar kayan lambu ta Aziziya, ita na fara nema a unguwar Al-Ud. Tana zaune a bakin wani lungu da kwanukan kuka da daddawa da gyaɗa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, wuyanka kamar na ubanka. Ka ci abinci?" Fiye da shekara arba'in ta yi a ƙasar nan amma Larabcinta bai wuce na ciniki da faɗa ba. Gahawa kuwa har ta mutu tana kiranta ruwan ɗaci, tana sha tana ɓata fuska, tana miƙo kofi a ƙara.

Ba ta yi karatun boko ba, na allo ma iyakarta abin salla. Amma ban taɓa ganin mai riƙe ƙirga kamarta ba, kuma da ƙwallon dabino take yi. In mai ciki ta zo wurinta, sai ta ƙulla ƙwallo ɗaya a tsumma duk wata, ta san ranar da za ta kwana da shiri. In ta sha azumi don ciwo, ƙwallaye ne a ƙulle har ta rama. Mace mai takaba, ita ke riƙe mata kwanaki. In aka yi gardama a kan wani abu, sai ta bari kowa ya gama, ta tauna goronta, sannan ta ce, "Na ƙirga." Daga nan magana ta mutu. Ban taɓa jin an kwance ƙullinta an samu saɓani ba.

Ni da matata mun yi shekara goma sha ɗaya da aure ba haihuwa. Mun sha magani na asibiti da na gida, mun sha kuma baƙar magana, wadda ta fi maganin ɗaci. A lokacin matata tana aiki a gidan wasu Larabawa a Nasim, can take kwana, sai ranar Alhamis da yamma take zuwa gida. Wata Laraba ina sauke buhunan albasa aka ce wata tsohuwa tana nemana a bakin rumfa. Na fito na ga Gwaggo, ita da ba ta taɓa taka ƙafa a Aziziya ba, da goyo a bayanta a ƙarƙashin abaya.

"Wanke hannunka," in ji ta. "Warin albasa kake."

Na wanke. Ta kwanto goyon ta ɗora mini a hannu. Jaririya ce 'yar kwana shida, ba ta fi nauyin kwalin tumatir ƙarami ba, idonta a rufe, bakinta yana motsi.

"Uwarta 'yar ƙasarmu ce, daga wajen Tanut. Ni na karɓi haihuwar, ni na wanke gawarta shekaranjiya. Uban tun cikin yana wata huɗu aka mai da shi gida, ba wanda ya san ƙauyensu. Na bi gida bakwai, kowa ya ce ba ta da iƙama, takardar zama, kowa ya ce ɗakinsa ƙarami. Kai fa?"

Na rungume ta a ƙirjina. Hawaye ne kawai suka zubo mini a gaban 'yan Bangladash ɗin da muke aiki tare.

"To, ka amsa," in ji ta. "Amma da saura. Mace ce. Yau tsumma ce a hannunka, gobe budurwa ce a gidanka, kai kuma ba ubanta ba. Dole ta sha nonon jininka."

Wanda bai sani ba, ga yadda abin yake. A addininmu riƙo ba ya mai da yarinya 'yarka. In ta balaga sai ta rufe kanta a gabanka kamar kowane baƙo. Amma in 'yar'uwarka ta shayar da ita tana jaririya, ta zama ɗiyar 'yar'uwarka, ka zama muharraminta har abada. Matata ba ta taɓa haihuwa ba, balle ta samu nono. Sai dai ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana Riyad a lokacin da goyon ɗan wata takwas. Matsalar ita ce aikin mijinta ya ƙare, an buga musu bizar fita ta ƙarshe, jirginsu ranar Juma'a da safe. Kwana biyu ke nan ba cikakku ba.

Na ce, "Gwaggo, ai kwana biyu ya isa. A gida ko tsotso ɗaya aka yi an gama."

"A gida ke nan. Nan malamansu sun ce sai biyar, kowane sai ta kama ta ƙoshi ta saki da kanta. A nan za ta girma, a makarantarsu za ta yi karatu, bakinsu za ta ji. Biyar za mu ba su."

Aka shige da jaririya ɗakin ƙanwata, cikin akwatuna da ƙullin kaya. Ni namiji ne, iyakata tsakar gida. Yarinyar ba ta da lafiya, ta saba da madarar kwalba, in aka ba ta nono sai ta kau da kai ta yi ta kuka. Matata ta samu fitowa ranar Alhamis da yamma, ta ga biyu da idonta, uwar ɗakinta ta aiko a ɗauke ta don sun yi baƙi. Sauran duk tsakanin Gwaggo ne da ƙanwata. Ranar Juma'a da safe mota tana ta hon a waje, mijin ƙanwata yana ta "Yalla, yalla, jirgi ba ya jira," ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa kamar wanda matarsa ke naƙuda. Can ƙofa ta buɗe. Ƙanwata ta fito da jan ido tana gyara mayafi, ta wuce ni, na ɗauka kukan rabuwa ne. Gwaggo ta biyo ta da jaririya a kafaɗa, da wani koren ɗankwali a hannu, na uwar yarinyar, an ƙulle bakinsa tam.

"Biyar," in ji ta. "Na ƙirga. Karɓi ɗiyarka."

Ƙanwata ta rasu a gida bayan shekara huɗu, wurin haihuwa. Allah ya ji ƙanta. Ban taɓa tambayarta ba, don ban ga abin tambaya ba.

Maganar takardun yarinyar wani dogon labari ne, shekaru muka yi muna sintiri, kuma ba shi ya sa ni rubutu ba. Abin da nake so a sani shi ne irin gidan da Gwaggo ta ba ni. Ni da nake komawa ɗaki in tarar da shiru, sai ga shi ana rarrafowa ana kama mini ƙafar wando. Matata ta bar aikin kwana. Yarinya ta tashi da Larabci a baki fiye da Hausa, tana ce mini Yuba, tana ce wa matata Yumma, Gwaggo kuma Jadda. In ta ce "zan tafi makaranta" sai ta karya shi yadda Gwaggo za ta riƙe baki ta ce, "Oh ni, Balarabiya, wa ya taka miki harshe?" Ita kuma ta rama da gyara wa Gwaggo Larabci, har su yi fushi da juna na rabin yini. Kullum in na dawo daga kasuwa sai ta zo ta sumbaci goshina yadda 'ya'yan nan ke yi wa iyayensu, ta ce ina warin albasa. Da furfura ta fara fito mini, ita ke zama a bayana da kanta a buɗe, kitsonta ya tsufa, tana tsince mini tana ba ni labarin malamansu.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske da Gwaggo, kuma a kan yarinyar ne. Tana da shekara bakwai. Ni da matata mun yanke cewa ba za ta taɓa sanin ba mu muka haife ta ba. Mun roƙi maƙwabta, mun ja kunnen 'yan'uwa. Gwaggo ta ji, ta zo da rana tsaka ba sallama.

"Wa ya ce muku tsintuwa kuka yi? Yarinya da uwarta. Ni na rufe mata ido, ta riƙe hannuna tana kallon 'yar nan har ranta ya fita. Yanzu ku kashe ta sau biyu?"

Na ce, "Gwaggo, ɗiyata ce. Ni ke da iko."

"Riƙo aka ba ka, ba ƙarya ba. In ba ku faɗa mata ba, 'yar maƙwabta za ta faɗa mata ranar da suka yi faɗa a kan alawa. Zaɓi wanda kake so."

Na faɗa mata magana marar daɗi ranar, wadda har yau in na tuna sai in ji kunya. Na ce wadda ba ta raini nata ba ba za ta koya mini raino ba. Ta dube ni kawai, ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita. Wata guda ban je gaishe ta ba. A ƙarshe matata ce ta kai yarinyar wurinta ba da sanina ba. Gwaggo ta zaunar da ita a cinya, ta ba ta labarin uwarta tun daga farko, ta nuna mata koren ɗankwalin da ƙullinsa, ta ce, "Wannan na wadda ta haife ki ne. Abin da ke ciki kuma shi ya sa wancan mai taurin kan ya zama naki, kika zama tasa." Yarinya ta dawo gida ta hau cinyata ta ce, "Yuba, ashe ni uwa uku gare ni." Washegari na sayi goro mai kyau na je na durƙusa. Ba ta ambaci abin da na faɗa ba, ranar ko bayanta. Cewa kawai ta yi goron ya bushe.

Tun daga nan duk shekara, in watan da uwar yarinyar ta rasu ya kama, Gwaggo sai ta dama kunun gyaɗa babbar tukunya, ta sa yarinyar ta rarraba wa maƙwabta da hannunta. Ba ta taɓa fashi ba, har shekarar da ba ta iya tsayuwa, a zaune ta dama.

Ɗiyata tana da shekara goma sha biyu ɗalibin nan ya zo karatu, yana cin abinci a gidanmu ranar Juma'a. Wata rana ta shigo da tire kanta a buɗe, ta zauna kusa da ni. Da ta fita ya yi gyaran murya.

"Kawu, a gafarce ni. Yarinyar nan ta kusa girma. An tabbatar da shayarwar? Sau nawa ne? Don abin da ya inganta a wurin malamanmu, ƙasa da biyar ba ya haramtawa."

Gwaggo tana gefe tana ɓare gyaɗa. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Kai Ustazu, kakanka limami ne, da ɗaya ya yi ta raba aure yana ƙulla zumunci har ya mutu. Shi bai yi karatu ba ne? Amma kwantar da hankalinka, don irinku na cika biyar. Na ƙirga. Suna nan a ƙulle. Ci tuwonka."

Ya ci tuwonsa. Magana ta mutu, kamar yadda take mutuwa kullum in ta faɗi kalmar nan. Sai dai tun daga ranar kowa a unguwa ya san akwai koren ɗankwali a akwatin Gwaggo mai ƙwallon dabino biyar.

Yanzu ga nawa laifin, don kada in yi ta zargin mutane in tsallake kaina. Saura mako biyu ta rasu, na shiga gaishe ta da safe kafin in fita kasuwa. Ta sa na rufe ƙofa. Ta nuna akwatinta na ƙarfe da ke ƙarƙashin gado.

"Ɗan nan, in na tafi, kai za ka buɗe akwatin nan. Kai, ba mata ba. Ka ji ko?"

Na ce, "Haba Gwaggo, wace irin magana ce wannan da sassafe? Ke da za ki ga 'ya'yan Balarabiya."

"Na ce ka ji ko?"

"Na ji."

Na ji, amma ban yi ba. Mu a wurinmu namiji ba ya sa hannu a akwatin mace, balle na uwa. Zannuwanta ne a ciki, da abubuwan da ban taɓa gani ba kuma bai kamata in gani ba. Kwana biyu ina wucewa ta ƙofar ɗakin ina cewa bari baƙi su ragu. Ranar uku bayan azahar manyan mata suka ce a fito da kayan marigayiya a raba sadaka, kamar yadda aka saba. Matata ta leƙo ta tambaye ni makulli. Ina tsakiyar maza, ana ta gaisuwa. Na ji nauyin in ce a gaban jama'a ni zan buɗe akwatin gwaggona. Na zaro makullin daga aljihu na miƙa mata.

Matata ta ba ni labarin abin da ya faru. Sun fito da zannuwa, da turare, da ƙulle-ƙulle na tsumma iri-iri. Sai matar nan mai neman daddawa ta ɗago koren ɗankwali ta ce, "Lah, ga shahararren ƙullin nan!" Kafin matata ta kai hannu ta sa haƙori, don ƙullin ya ƙi kwantuwa da yatsa. Ƙwallaye suka zubo a kan tabarma. Mata wajen ashirin ne a ɗakin, kuma ɗiyata tana tsaye da butar gahawa. Matar ta ƙirga da ƙarfi, kamar an sa ta. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta kakkaɓe ɗankwalin. Aka ɗaga tabarma, aka juye akwatin. Huɗu ne.

Kafin magariba maganar ta kai Bat'ha. Waɗanda zafin rana ya hana su raka ta kabari, bai hana su ɗaukar wannan zuwa gida-gida ba. Har an fara cewa dama tsohuwar akwai ta da rufa-rufa. Ɗalibin ya same ni a matakala, ya sunkuyar da kai, ya ce shi ba ya son ya ce komai a irin wannan rana, amma barin abin da ake shakka ya fi. Na raɓa shi na wuce. Da na buɗe baki da na yi abin da za a daɗe ana faɗa.

Washegari da safe ina zaune a falo ɗiyata ta kawo mini shayi. Shekararta goma sha tara. Ta shigo da doguwar riga da baƙin mayafi ta naɗe kanta har haɓa, irin shigar da take yi in za ta fita. Ta ajiye tiren a nesa da ni kaɗan, ta tsaya.

"Yuba," in ji ta, "kai ka ga na biyar ɗin?"

Ina iya cewa na gani. Wallahi kalmar ta zo har bakina. Amma yarinyar nan a cinyar Gwaggo ta koyi cewa ba a yi mata ƙarya.

"Ban gani ba. Ina waje."

"Yumma fa?"

"Biyu ta gani."

Ta gyaɗa kai, hawaye suna bin mayafin. Ba ta sumbaci goshina ba. Ta juya ta fita.

Na je wurin wani dattijon malami ɗan ƙasarmu a Aziziya, na kwashe komai na faɗa masa. Ya ce a karatun da muka gada tsotso ɗaya ya wadatar, yarinya muharramata ce ko a gaban wa, in je in kwanta da hankalina. Na dawo da gudu kamar yaro na faɗa mata. Ta saurare ni har na gama.

"Na sani, Yuba. Mun karanta saɓanin a makaranta. Amma ni da biyar na tashi. In na cire, zuciyata ba za ta zauna ba. Ka yi mini sabur, ka yi haƙuri."

Me zan ce? Gwaggo ta faɗa tun tana 'yar kwana shida: a nan za ta girma, bakinsu za ta ji. Ba zan tilasta wa yarinya ta buɗe kanta a kan abin da take jin tsoron Allah a cikinsa ba. Har yanzu tana ce mini Yuba, tana dafa mini shayi yadda nake so. Amma in na shigo gida sai in yi gyaran murya a bakin ƙofa kamar baƙo, in ji takunta tana gudu neman mayafi. Yau kwana takwas ke nan. Ina jin haushin matar da ta sa haƙori, ina jin haushin ɗalibin, ina jin haushin garin nan da ya koya wa ɗiyata ƙirga irin tasa. Na fi jin haushin hannun da ya miƙa makulli. Kuma, Allah ya yafe mini, akwai safiyar da na tashi ina jin haushin Gwaggo kanta.

Matata ta ce wataƙila ɗaya ya faɗi, ai Gwaggo ta yi ƙaura sau uku. Na so in yarda. Amma ƙullin da sai da haƙori ya kwantu ba ya zubar da komai. Na kuma tuna jan idon ƙanwata a bakin ƙofa, da motar da ke hon, da jaririyar da ke kau da kai. Na san abin da ya faru a ɗakin nan kamar ina ciki. Lokaci ya ƙare musu a kan huɗu. Gwaggo ta dubi ƙwallayenta, ta dubi ƙofar da nake tsaye a bayanta, ta san a wurin iyayenta da malamansu an riga an gama tun na farko. Sai ta ƙulle huɗu, ta fito ta ce biyar.

Ƙwallayen suna aljihun rigata yanzu, matata ta tsince mini su. Kwanan nan kullum sai na ci dabino, don ragowar na makoki ya cika gida, kuma kullum sai in tsaya da ƙwallon a hannu ina kallonsa. A nan ne haushina a kanta ya mutu. Shekara goma sha tara dabino yana bi ta hannun matar nan safe da yamma. Sau ɗaya kawai za ta kwance ɗankwalin ta jefa ɗaya ta mayar, da ba mahaluƙin da zai taɓa sani. Ba ta yi ba. Ta faɗa wa mutane abin da zai rufe musu baki, ta bar wa Allah ƙirgarsa yadda take. Sannan ta ce ni kaɗai in buɗe, don in san abin da ta ɗauka saboda ni, in yi da shi yadda na ga dama. Ni kuwa na miƙa makulli.

Gwaggo, ban taɓa gode miki yadda ya kamata ba. Goro na kai miki, kika ce ya bushe. Da kalma ɗaya kika ba ni shekara goma sha tara ina uba, ana hawa cinyata, ana tsince mini furfura, ana sumbatar goshina ana ce mini ina warin albasa. Ko daga yau ban ƙara ganin kitson ɗiyata ba, na gani, kuma ba wanda zai zo ya ƙwace abin da na riga na gani.

Ya Allah, ka yalwata mata inda take kwance a layin nan marar suna, ka haɗa ta da 'ya'yanta da suka riga ta, da ƙanwata, da uwar ɗiyata. Kai ka san abin da ke cikin ƙullin tun ranar da aka ƙulla shi. In akwai abin tambaya a kan na biyar ɗin, kada ka tambaye ta. Ni na ci amfaninsa, ni za a tambaya.